LADABIN LIKITA A GEFEN GADON MAJIYYACI AKE KOYONSA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ɗalibin likita a Nijeriya yakan yi shekara 6 a jami'a kafin a ba shi digiri, sa'an nan ya ƙara shekara 1 yana aikin horo a asibiti ƙarƙashin manyan likitoci. Wajen rabin waɗannan shekaru 6 a asibitin koyarwa yake yinsu, cikin ɗakunan majiyyata, yana bin malamansa gado gado. Dalili kuwa shi ne likita yana bukatar abu biyu, watau ilmi da hali. Ilmi ana iya karanta shi a littafi, a kuma jarraba shi a takarda. Amma yadda za a shiga wurin marar lafiya, da yadda za a yi masa magana, da yadda za a ɗora hannu a jikinsa, da abin da za a ɓoye na sirrinsa, duk a gefen gado ake ɗaukarsu, daga abin da ido ya gani malami yana yi. Saboda haka duk wanda ya tsaya a wannan wuri, malami ne ko ɗalibi, akwai amana a wuyansa wadda Allah zai tambaye shi.

MATSAYIN WANNAN AIKI A SHARI'A

Malamai sun sanya aikin likita cikin farillan kifaya, watau wajibin da idan wasu suka tsaya da shi an ɗauke wa saura, idan kuwa kowa ya bari, al'umma duka ta yi laifi. Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya bayyana haka cikin littafinsa Ihya'u Ulumid Din, har ya yi kuka da mutanen zamaninsa da suka yi cincirindo a kan rassan fiƙihu masu zurfi, alhali garuruwa da yawa ba su da likita Musulmi. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 32 cikin Suratul Ma'ida, ya daidaita ceton rai guda da ceton mutane baki ɗaya. A cikin Sahihu Muslim kuma akwai hadisi ƙudusi mai nuna cewa ranar alƙiyama Allah zai tuhumi bawa a kan marar lafiyar da bai je ya gaishe shi ba, Ya kuma sanar da shi cewa da ya je, da ya sami Ubangijinsa a wurin. To, idan wannan shi ne darajar mai zuwa gaisuwa ya koma gida, yaya darajar wanda ya kwana tsaye a kan marar lafiya?

Sai dai girman daraja tare yake da girman tuhuma. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisi da ke ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba. Daga nan malamai suka fahimci cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta wanke mutum idan ya ɓata jikin wani da jahilci. Tilas ya koya, tilas kuma ya koya a hannun wanda ya iya.

LADABI KAFIN ILMI

An ruwaito cewa sa'ad da Imamu Malik yana yaro, mahaifiyarsa ta naɗa masa rawani, ta aike shi wurin malamin Madina, Rabi'atu ɗan Abu Abdurrahman, ta yi masa wasiyya ya fara ɗaukar ladabin malamin tukuna kafin ilminsa. Wannan baiwar Allah ta gane cewa ladabi abu ne da ake sha daga zama da mai shi. Haka sahabbai suka koyi salla: Manzon Allah (S.A.W.) ya umurce su su yi ta kamar yadda suka gan shi yana yi. Aya ta 21 cikin Suratul Ahzab ma ta kira shi abin koyi mai kyau, shi kuwa koyi da ido ake yinsa.

Ƙasar Hausa ta san wannan hanya tun da daɗewa. Almajirin zaure yakan daɗe yana kallon yadda malaminsa ke karɓar baƙo da yadda yake amsa fatawa kafin a ba shi izinin karantarwa. Ɗan wanzami da ɗan maɗori sukan yi shekaru suna riƙe wa iyayensu kayan aiki kafin a bar su su taɓa kowa. Gani ya kori ji.

YADDA MAGABATA SUKA KOYAR

A shekara ta 5 bayan Hijira, lokacin yaƙin Handak, kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu, Allah Ya yarda da shi, a jijiyar hannu. Manzon Allah (S.A.W.) ya sa aka kwantar da shi a hemar Rufaida, wata sahabiya mai jinyar masu rauni a masallacin Madina, domin ya riƙa duba shi daga kusa. Shugaban al'umma da kansa yana zaryar duba majiyyaci, sahabbai suna gani.

Da daular Musulunci ta bunƙasa, sai aka gina manyan asibitoci da ake kira bimaristan, suka zama wurin jinya kuma wurin karatu. Abubakar ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya shugabanci asibiti a garinsu Rayyu ta ƙasar Farisa, daga baya kuma a Bagadaza. Ibnun Nadim ya ba da labarin majalisinsa cikin littafinsa Al-Fihrist: almajirai sukan zauna sahu sahu, idan marar lafiya ya zo sai ya fara bayyana ciwonsa ga sahun farko, in sun gane su ba da amsa, in ba su gane ba ya wuce sahu na gaba, har magana ta kai ga malamin kansa. Ta haka ƙaramin ɗalibi yake saba da sauraron mutum, yake kuma saba da miƙa abin da ya fi ƙarfinsa ga na gaba da shi ba tare da jin kunya ba. Ibnun Nadim ya ƙara da cewa Razi mai tausayin talakawa ne, yana jinyarsu yana kuma ba su daga dukiyarsa. Almajiransa sun ga wannan kamar yadda suka ga maganinsa.

Aliyu ɗan Abbas al-Majusi, likitan ƙarni na 10, ya yi wa ɗalibai nasiha cikin littafinsa Kamilus Sina'a su lizimci asibitoci, su riƙa bin halin majiyyata tare da ƙwararrun malamai, suna gwada abin da suka gani da abin da suka karanta. A birnin Dimashƙa ta ƙasar Sham, Sarki Nuruddin Zangi ya gina asibitin Nuri a shekarar 1154. Ibnu Abi Usaibi'a, marubucin tarihin likitoci wanda shi ma a can ya yi karatu, ya siffanta aikin babban likitan asibitin, Abul Majdi ɗan Abul Hakam: kowace safiya yakan zaga majiyyata yana tambayar halinsu, ma'aikata na tare da shi suna aiwatar da abin da ya umurta na abinci da magani, daga baya kuma ya zauna da ɗalibai a babban zauren asibitin, a fito da littattafai, a yi ta tattaunawa har sa'a 3. A wannan asibiti ne Ibnun Nafis, wanda ya rasu a 1288, ya yi karatu, shi ne kuwa ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu.

Hukuma ma ba ta bar abin sakaka ba. A shekarar 931 labari ya kai ga Halifa al-Muƙtadir cewa wani mutum ya mutu saboda kuskuren likita. Sai ya hana kowa yin magani a Bagadaza sai wanda Sinanu ɗan Sabit ya jarraba ya ba shi izini, aka jarraba likitoci fiye da 860. Tun kafin haka, wani likita mutumin garin Ruha mai suna Is'haƙu ɗan Aliyu ar-Ruhawi ya rubuta littafi guda a kan ladabin likita kaɗai, mai suna Adabut Tabib.

Irin tsarin da asibitocin koyarwa ke bi a yau ya sami ƙarfi ne a hannun Wiliyam Osler, likita mutumin Kanada, wanda ya fitar da ɗalibai daga ɗakin lacca ya kai su cikin majiyyata a asibitin Johns Hopkins na Amurka, wanda aka buɗe a 1889. Masu hankali na Gabas da na Yamma sun haɗu a kan ra'ayi ɗaya, cewa majiyyaci shi ne babban littafin ɗalibin likita. To, amma wannan littafi yana da rai, yana jin zafi, yana jin kunya, kuma aya ta 70 cikin Suratul Isra'i ta tabbatar da karamcin da Allah Ya yi wa ɗan Adam, ko yana tsaye ko yana kwance.

ABUBUWAN DA AKE ƊAUKA A GEFEN GADO

Na farko shi ne sallama da neman izini. Aya ta 27 cikin Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama. Gadon asibiti shi ne gidan majiyyaci muddin yana kwance a kansa, jikinsa kuwa ya fi gidansa alfarma. Idan babban likita ya zo da ɗalibai goma, kamata ya yi ya yi sallama, ya kira mutumin da sunansa ko da lakabin girmamawa, Baba ko Inna ko Malam, ya gaya masa waɗannan ɗalibai ne, ya nemi yardarsa kafin su taɓa shi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa a ciwon ajalin Manzon Allah (S.A.W.) iyalinsa sun ɗura masa magani ta gefen baki bayan ya yi musu ishara kada su yi, suna zaton ƙin magani ne irin na marar lafiya. Da ya farfaɗo ya nuna rashin yardarsa, ya sa aka ɗura wa duk wanda ya halarci abin irin maganin, ban da baffansa Abbas wanda ba ya nan. Waɗannan masoyansa ne, niyyarsu alheri, duk da haka ya koya musu cewa majiyyaci mai hankali yana da ta cewa a kan jikinsa.

Na biyu shi ne tsare al'aura. Shari'a ta halatta wa likita kallon abin da ba ya halatta ga waninsa saboda lalura, amma ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce lalura gwargwadonta ake auna ta. Mai duba ciki ya buɗe ciki kaɗai, ya rufe saura, a ja labule, in mace ce a sami wata mace a wurin. Ɗalibin da ya ga malaminsa yana gyara wa tsohuwa mayafi da hannunsa kafin ya ci gaba da bayani, ya sami darasin da ba zai manta ba har tsufansa.

Na uku shi ne riƙe sirri. Mutum yakan gaya wa likita abin da bai taɓa gaya wa matarsa ko mahaifinsa ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya yi alkawarin rufin asirin Allah duniya da lahira ga wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa. A yau fitina ta ƙaru, domin a aljihun kowane ɗalibi akwai wayar salula mai ɗaukar hoto, cikin ƙiftawar ido hoton ciwon wani ko takardar gwajinsa sun zaga gari. Hirar da ake yi a bakin ƙofa ko a wurin cin abinci ana ambaton sunan majiyyaci da cutarsa, ita ma cin amana ce, ko da an kira ta karatu.

Na huɗu shi ne gaskiya, musamman iya cewa ban sani ba. An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a kan 32 daga cikinsu, wannan kuwa bai rage masa daraja ba. Ɗalibin da aka aika ya auna hawan jini, ya manta, sa'an nan ya rubuta lamba daga kansa don tsoron faɗa, ya sa ran wani cikin haɗari, domin a kan wannan lamba za a gina magani. Ba zai iya faɗin gaskiya ba kuwa sai in ya taɓa jin babban likita ya amsa iyakar saninsa a gaban jama'a, ya nemi shawarar abokin aikinsa.

Na biyar shi ne tsabta. A asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, likita Ignaz Semmelweis ya lura cewa mata masu haihuwa sun fi mutuwa da zazzaɓin jego a sashen da ɗaliban likita ke aiki, fiye da sashen unguwarzoma. Ya gano ɗaliban sukan fito daga ɗakin binciken gawa su wuce duba masu naƙuda. A watan Mayu na 1847 ya tilasta musu wanke hannu da ruwan kilorin, sai mace-mace suka sauko daga wajen 18 cikin 100 a watan Afrilu zuwa wajen 2 cikin 100 a watan Yuni. Musulmi wanda aka gaya masa tsarki rabin imani ne, wanda yake wanke hannu a kowace alwala, shi ya fi cancanta ya riƙe wannan al'ada tsakanin gado da gado, ko da babu mai kallonsa.

Na shida shi ne daidaita mutane da tausasa musu. Farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya zo da tambaya sa'ad da Manzon Allah (S.A.W.) yake fuskantar manyan Ƙuraishawa. Idan Allah Ya tsaya wa makaho talaka a wannan matsayi, to ya kamata likita ya ji tsoro ranar da ya tsaya rabin sa'a wurin attajiri yana murmushi, ya wuce ɗan ƙauye da kalma biyu yana tafiya. Aya ta 159 cikin Suratu Ali Imrana ta nuna cewa kaushin hali yana korar mutane ko daga wurin Annabi. Majiyyacin da aka daka wa tsawa yakan ɓoye rabin labarinsa, ko ya ƙi komowa, ya koma hannun masu tallar magani a tasha. Shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma.

INDA HAƊARIN YAKE

Kada wani ya yi zaton tsayuwa a gefen gado kaɗai tana gyara hali. Wurin da ake ɗaukar kyakkyawa nan ake ɗaukar mummuna. A shekarar 2009 masu bincike a kwalejin likita ta Jefferson da ke Amurka sun buga sakamakon bin diddigin ɗalibansu, inda suka tarar tausayin ɗaliban ga majiyyata ya ragu sosai a shekara ta 3, watau daidai shekarar da suke fara aiki cikin majiyyata a tsarin can. Gajiya da yawan aiki suna cikin dalilan da aka ambata, haka kuma rashin abin koyi nagari. A aji an ce musu su girmama marar lafiya, a ɗakin jinya kuwa sun ji ana kiransa da lambar gado ko da sunan cutarsa. Idan faɗa da aiki suka saɓa, aiki ɗalibi yake bi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Nan ne nauyin malami yake. Farkon Suratus Saffi ya yi gargaɗi mai tsanani ga masu faɗin abin da ba sa aikatawa. Muslim kuma ya ruwaito cewa wanda ya fara wata kyakkyawar hanya yana da ladanta da ladan masu binta, wanda ya fara mummuna yana da zunubinta da na masu binta. Babban likita ɗaya yakan yaye ɗaruruwan ɗalibai, kowannensu kuma zai duba dubban mutane. Tsawa guda da ya saba yi za ta yi ta yawo a asibitocin da bai taɓa takawa ba, bayan shi yana cikin kabari. Haka nan sallamarsa da haƙurinsa za su yi ta gudana, su zame masa sadaka mai gudana. Malamin da ke wulakanta ɗalibi a gaban majiyyaci ya yi ɓarna biyu: ya cire wa majiyyacin natsuwa, ya kuma koya wa ɗalibin cewa mai iko yana taka na ƙasa da shi, gobe kuwa na ƙasa da ɗalibin shi ne marar lafiya.

Hukumomi su ma suna da kasonsu. Likitan da aka bar wa layin da ba ya ƙarewa, ya kwana biyu bai runtsa ba, ga albashi yana jinkiri, da wuya ya sami sararin zuciyar da zai koyar da tausayi. Wannan ba uzuri ba ne gare shi a wurin Allah idan ya ci mutuncin wani, amma wanda aka ba kiwon jama'a shi ma abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo.

HAKKIN DA KE KAN JAMA'A

Wanda Allah Ya jarraba da kwanciya a asibitin koyarwa yana da hakkin a nemi izininsa, yana kuma da hakkin ya ƙi. Amma in ya yarda ɗalibi ya saurari ƙirjinsa ko ya tambaye shi tarihin ciwonsa, ya kuma yi niyyar taimakon al'umma, to ana fata Allah Ya ba shi lada a kan duk wanda wannan ɗalibi zai warkar nan gaba da izinin Allah. Babu likitan da aka haifa da iyawa, duk gwani a jikin wani ya fara. Masu kukan ƙarancin likitoci mata su tuna cewa ba za a same su ba sai iyaye sun bar 'ya'yansu mata sun yi wannan karatu, mazaje kuma sun ba su goyon baya. Buhari ya ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu cewa su mata sukan fita tare da Manzon Allah (S.A.W.) suna shayar da mutane ruwa, suna jinyar masu rauni. 'Yan'uwan majiyyata kuma su ji tsoron Allah game da ma'aikatan asibiti, domin zagi da duka ba su taɓa dawo da rai ba.

Ranar yaye likitoci akan sa su yi rantsuwa. Ƙungiyar likitoci ta duniya ta tsara tata a Janiba a shekarar 1948, taron farko na duniya a kan likitancin Musulunci da aka yi a Kuwaiti a 1981 shi ma ya fitar da rantsuwar likita Musulmi. Rantsuwa abu ce mai kyau, amma cikin 'yan mintoci ake karanta ta, halin da zai cika ta kuwa an riga an gina shi, ko an rushe shi, cikin shekarun da ɗalibi ya yi yana bin malamansa. Ranar da zai tsaya shi kaɗai da tsakar dare a kan marar galihu, babu malami babu ɗan'uwa, abin da zai tsare shi shi ne ihsani, wanda hadisin Mala'ika Jibrilu ya bayyana da cewa bawa ya yi aiki yana sane Allah na ganinsa.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya sanya albarka a hannun likitoci da ma'aikatan jinya, Ya ba malamansu ikon zama abin koyi, Ya ba ɗalibai ilmi mai amfani da zuciya mai tausayi. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.